Kumburin da Ke Bugawa

'Yan'uwana cikin Ubangiji, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, wanda ya san abin da ke cikin cikin mutum tun likita bai haska ba.

Sunana Yakubu, amma daga Tsarnawa har Malbaza, in ba ka ce Yakubu Wanzami ba, ba wanda zai nuna maka gidana. Wannan shaida na riga na faɗe ta a tsaye ranar Lahadi a majami'armu. Fasto ne ya ce in zauna in rubuta, don 'yan'uwa na sauran ƙauyuka su ma su ji. Ku yi haƙuri da rubutun, hannun ya fi sabawa da aska. Wanda kuma ya zo neman labari mai daɗi, ina gaya masa tun yanzu daɗin kaɗan ne a ciki.

Wanzanci gado ne a gidanmu. Mahaifinmu ya karɓi Almasihu tun muna ƙanana, amma bai ajiye zabira ba, maƙwabtanmu Musulmi kuma ba su daina kawo masa kawunansu ba. Mu biyu ne maza a gidan, yayana Iliya da ni. Iliya gona ya so, ni na ɗauki zabira. Aski, ƙaho, cire belu, kaciya, babu wanda ban iya ba. Amma inda na yi suna shi ne sakiya. Ga yaran yanzu da ba su san ta ba, sakiya ita ce a gasa ƙarfe mai tsini har ya yi ja, a huda kumburi da shi, mugunya ta fita mutum ya huta.

Ina da girman kai a kan hannun nan nawa, ba zan ɓoye muku ba. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na gidan likitan garinmu, ya sha ba'a a wurina. In na gan shi nakan ce, "Ku sai kun cika takarda da rubutu, ni da yatsa ɗaya nika gane ciwo." Yakan yi murmushi ya wuce, mutane su yi dariya, ni kuwa kaina ya ƙara girma.

Shekara goma sha tara ke nan, da kaka, ana tsakiyar yankan gero, kumburi ya fito wa Iliya a bayan gwiwar dama. Ya fara kamar ƙwan zabo, ya yi ta girma har ya hana shi tanƙwasa ƙafa. Wata safiya matarsa Maryamu ta tafi gona roron wake, sai ya aika aka kira ni. Na same shi a kan tabarma ƙarƙashin rumfa, ya miƙe ƙafar.

Ya ce, "Yakubu, hidda min abin ga in huta. Hatsi na zuba ga gona, ni ina kwance kamar mai jego."

Na durƙusa na taɓa. 'Yan'uwa, ku ji wannan da kyau. Na ji abin yana bugawa a ƙarƙashin yatsuna, dum, dum, dum, daidai da bugun zuciya. Tunda nake ban taɓa jin ƙurji ya yi haka ba. Wani abu a raina ya ce, kai shi gidan likita. Amma ni in ɗauki yayana in kai wa majo, bayan duk ba'ar da na yi masa a bainar jama'a? Sai na ce wa Iliya, "Mugunya ta. Ta nuna, shi ya sa taka motsi."

'Yarsa Saratu tana tsakar gida tana wanke-wanke, shekararta goma a lokacin. Na ce, "Saratu, ɗebo min garwashi ga murhun innarki." Ta kawo a kasko, tana riƙe da shi da bakin zane don zafi. Na ce ta bi innarta gona, ta tafi tana 'yar waƙarta.

Na gasa ƙarfen. Na huda.

Wayyo Allah! Ba mugunya ba ce. Jini ne ja wur, ya yi tsiri har jikin zanan rumfa. Na danne da hannu yana fita ta tsakanin yatsuna. Na cire hulata na cusa, na yage rigata na ɗaure cinyar, duk a banza. Iliya ya ɗago kai ya dube ni, ba da fushi ba, da mamaki. Ya ce, "Yakubu, mi ka yi?" Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan a duniya.

Na yi ihu, na ji ƙafafun maƙwabta suna zuwa. A ɗan wannan tsakani na yi abin da ya fi hudawar muni. Hannuna ɗaya yana kan ciwon, na sa ƙafa na tura ƙarfen ƙarƙashin tabarma, na shure kaskon bayan randa. Da suka shigo na ce kumburin ne ya fashe da kansa, ni kuma Allah ya sa ina kusa.

Aka sa shi a amalanke zuwa bakin kwalta. Wani direban motar siminti, bawan Allah, ya tsaya ya ɗauke mu. Ba mu kai Birnin Konni ba Iliya ya cika, kansa a kan cinyata.

Ni na yi masa wanka, ni na naɗe ƙafar, ban bar kowa ya ga ƙunar ƙarfen ba. Masu gaisuwa, Kirista da Musulmi, bakinsu ɗaya: kwana ne ya ƙare. Maryamu kuwa har godiya ta yi mini. Tun daga shekarar da ta biyo baya, duk kaka, kwanon farko na wakenta gidana take kawo shi. Takan ajiye ta ce, "Kai ka tsaya ma yayanka har ƙarshe, Yakubu." In karɓa, matata Lami ta dafa, in ci. Sau goma sha takwas na ci waken nan.

Ban daina sakiya ba, don in na daina za a tambaye ni dalili. Ban daina zuwa sujada ba. Har dattijon ikilisiya aka naɗa ni, ina raba wa mutane jibin Ubangiji da hannun nan. Ana cewa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Nawa cikin ba gaskiya a ciki, kuma kullum na san haka.

Saratu ni na riƙe karatunta. Yarinya ce mai kai, ta gama lakwal, wato makarantar boko, a Konni ta wuce Yamai koyon aikin jinya. Tun rasuwar ubanta Baba take ce mini, kuma in ta zo hutu a ɗakin Lami take cin tuwo. A shekararta ta biyu a Yamai ta zo Kirsimeti, sai na ji ta daga bakin ƙofa: "Ina kwana, Baba Yakubu." Ba ta shigo ba, ba ta ci abincinmu ba. Na ce wa Lami, "Kin ga boko ya hwara hawa kanta." Daga nan Baba Yakubu na zama. Bayan ta gama ta sami aiki a wani babban asibiti a wata ƙasa ƙetaren teku, sai dai mu ji muryarta a waya.

Bara da bazara, da rana tsaka, na ci abinci na kishingiɗa a rumfa, na ɗora hannu a ciki. Sama da cibiya kaɗan na ji shi. Dum, dum, dum. Yatsuna ba su manta ba. Na tashi zaune gumi yana karyo mini. Na ce shi ke nan, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, Allah ya biyo jinin Iliya.

Wata biyar na ɓoye. Baya ya fara ciwo, wani irin ciwo mai nuƙurƙusa wanda ba ya jin ƙaho ba ya jin tausa. Na rame. In na ga ana haƙa kabari sai in tsaya ina kallo kamar mai duba gidan da zai koma. Ban yi addu'ar warkewa ba ko sau ɗaya, don a ganina ba a roƙon alƙali ya soke hukuncin da ya yi daidai.

Lami ce ta kama ni. Ina kwance rigingine ta ga rigata tana motsi. Ta ce, "Maigida, mi ka motsi ga cikinka haka? Ko ciki gare ka ba ka hwaɗa min ba?" Na ce iska ce. Ta ce, "To a kira abokin sana'arka shi sa ma ƙaho." Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba. Ta dube ni ta ce, "Lalle wanzami ba ya son jarfa." Sai ta ɗauki waya ta kira Saratu.

Saratu ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce a kai ni Konni a haska cikin, kada kowa ya danna shi, kada in ɗauki ko bokitin ruwa. Daga Konni aka tura mu Yamai, aka sa ni a wani inji mai rami. Likitan can ya nuna mini hoton ya ce babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ta gangara ƙafafu, ita ce bangonta ya saki ta kumbura. Ya ce ranar da ta fashe, ko ɗan kabu-kabu ba za a kai ga kira ba. Maganinta a tsaga ciki daga ƙirji zuwa mara a ɗinka sabon bututu, amma zuciyata ta gaji da hawan jini, ba ya jin za ta ɗauki wannan yanka.

Saratu ta sake kira. Ta ce a inda take aiki ana gyara irin wannan ta ciki, ba tare da an buɗe mutum ba. Ita da ikilisiyarsu ta can suka ɗauki ɗawainiyar takardu da tafiya. Sau biyu ina cewa ba zan je ba. Ta yaya zan karɓi rai daga hannun yarinyar da na mayar marainiya? Lami ba ta san dalilina ba, ta ɗauka tsoron jirgi ne. Ta ce, "In mutuwa kaka so, tahi ka mutu can, ko ba komi ka ga duniya." Haka aka tura ni.

Saratu ta tarbe ni da rigar sanyi a hannu. Ta rusuna ta ce, "Sannu da hanya, Baba Yakubu." Ta kula da ni kamar yadda take kula da kowane majinyaci, ba ta rage komai ba, ba ta kuma ƙara komai ba.

Likitar da za ta yi aikin mace ce, 'yar firit, mai furfura. Da na gan ta, tsohon girman kan nan ya motsa, na ce a raina wannan ko akuya ba za ta iya kayarwa ba. Ba ta jin Hausa, ni kuma Faransancina bai wuce na gaisuwa da jandarma ba, don haka Saratu ce tafinta. Ta duba hotuna, ta taɓa cikina a hankali. Sai kawai ta zura hannu bayan gwiwata tana lalube. Sai da na zabura. Ta koma ta zauna ta yi tambaya, Saratu ta juyo mini da ita, idonta cikin nawa.

"Ta ce ciwon ga yana bin jini. Cikin danginku akwai wanda ya taɓa yin kumburi mai bugawa, ko ga ciki ko bayan gwiwa?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ni sai da na ƙara tono. Na ce, "Babu."

Kalma ɗaya na faɗa. Saratu ta juya wurin likita ta yi magana mai tsawo. Ban ji abin da ta ce ba, amma na ji ta ambaci sunan mahaifinta, na kuma ga ta kai hannu ta taɓa bayan gwiwarta ta dama. Likita ta rubuta. Yarinyar nan ta sani!

Ta mayar da ni ɗakin da aka ba ni a asibitin ta koma bakin aikinta. Ana saura kwana ɗaya a yi aikin. Rana ta yi la'asar, ni kaɗai a ɗakin da ba ko ƙuda. Na sauko daga gado na durƙusa a ƙasa, abin yana bugawa a cikina.

Shekara goma sha tara ina addu'a. Na roƙi ruwan sama, na roƙi lafiyar awaki, na yi wa marasa lafiya addu'a da murya mai ƙarfi har ana cewa amin. Wannan magana ɗaya ban taɓa kai ta gaban Allah ba, kamar shi ma na tura masa ƙarfen ƙarƙashin tabarma. Ran nan na ce, "Ya Yesu, na gaji. Ni na kashe Iliya. Na ji abin yana bugawa, na sani ba ƙurji ba ne, girman kai ya sa na huda. Na yi wa matarsa ƙarya, na ci wakenta. Ban roƙe ka ka warkar da ni ba. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka bar ni in mutu da ƙaryar nan a ciki."

Ban ga haske ba, ban ji murya ba, ba zan ƙara muku gishiri ba. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'iza. Da na tashi dai, sai na tarar tsoron faɗa ya ragu, tsoron yin shiru ya fi shi. Ni wannan shi ne aikin da Ubangiji ya fara yi mini, tun likita ba ta taɓa ni ba.

Da Saratu ta kawo mini abinci kafin rana ta faɗi, na ce, "Ɗiyata, zamna." Ta zauna a bakin kujera. Na faɗa mata duka, har da ƙarfen, har da kaskon, har da maganar ubanta ta ƙarshe. Ba ta katse ni ba.

Da na gama ta ce, "Na sani. Tun ina aji biyu ga Yamai. Malaminmu ya zana jijiya ga allo, ya ce duk kumburin da ka bugawa jini na, wanda duk ya taɓa shi da tsini ya yi kisa. Na hita aji na yi amai." Sai ta ce, "Baba Yakubu, ni na kawo garwashin. Shekara tara ina kwana ina tashi da kaskon nan ga hannuna. Ban iya hwaɗa ma Inna ba, ban iya hwaɗa ma kowa ba. Da ka buɗe baki, da mun ɗauke shi mu biyu. Ka bar min shi ni ɗaya."

'Yan'uwa, na ɗauka na san girman zunubina. Ashe rabinsa na sani. Ban taɓa tunanin yarinyar da na aika ba, ko sau ɗaya. Na ce, "Ba ki da laihi ko ƙwaya, aike na yi ki." Ta ce ta san haka a kai, amma sai yau ta ji daga bakin wanda ya kamata.

Na ce, "To don mi kinka kawo ni nan?"

Ta ce, "Na ga uba ɗaya ya tahi da ciwon ga, ba ni son ganin na biyu. Amma kar ka zaci na huce. In ka koma gida ka hwaɗa ma Inna da bakinka. Ka tashi gaban ikilisiya ka hwaɗi. Ka hwaɗa ma wanzamai 'yan'uwanka, kar a ƙara huda wani uban."

Na ce, "In na rayu."

Ta ce, "Za ka rayu in Allah ya yarda. Kar ka nemi hanyar gudu."

Da safe aka shiga da ni. Saboda zuciyata ba su sa ni barci ba, gindin cinyoyina kawai suka kashe da allura, don haka da idona na ga aikin. An bar Saratu ta tsaya wajen kaina don tafinta, sanye da wata riga mai nauyi. Ta riga ta yi mini bayani. Za a shiga ta jijiyar gindin cinya da waya siririya, a bi hanyar jini zuwa kumburin. Sannan a tura wani bututu na yadi mai ƙarfi da zaren ƙarfe a jikinsa, a naɗe, a buɗe shi a ciki. Sifarsa kamar wando, ƙugu ɗaya ƙafa biyu. Jini zai riƙa bi ta cikinsa, bangon da ya saki ya huta.

Abin da na fara lura da shi, a matsayina na mai hudawa, shi ne likitar nan ba ta soka allura ba sai da ta haska wurin ta ga jijiyar a allo. Ni da zato na yi sana'ata shekara arba'in.

A gefen gadon an ɗaure wani hannu na ƙarfe, shi suke kira robo. Na ɗauka zan ga mutum-mutumi mai ido da baki, ashe hannu ne kawai. Likita ta saƙala wayar a jikinsa, sai ta bar ni ta koma bayan gilashi ta zauna gaban alluna, ta kama wani ɗan mariƙi. Na ce wa Saratu, "Ina za ta? Ta bar ni da ƙarhe?" Ta ce, "Ba shi da wayon kanshi, abin da hannunta ya ce shika yi. Amma ba shi rawa, ba shi gajiya, yana iya juya waya misalin silin gashi. Jijiyoyinka sun karkace, shi ya sa. Ita kuma can hasken hoton bai cutar da ita, kullum cikinshi taka aiki. Yi shiru."

Na yi shiru. Hannun yana ɗan kuka ƙasa-ƙasa, ni kuma ina ganin waya a allo tana tafiya cikin jikina. Likita ta dawo ta tura bututun da hannunta ta buɗe shi, ta sake komawa bayan gilashi don a shigar da ƙafa ta biyu ta wandon. A nan abin ya ƙi. Wayar ta je bakin ƙofar ta zame. Ta sake zuwa ta zame. Na ga Saratu ta daina kallona ta kafe allon da ido.

Kun san abin da matar nan ta yi? Ta janye. Ta tsaya, ta sa aka juya injin hoton ta wani gefe, ta duba, ta yi shawara da na kusa da ita. Babbar likita, gaban yaranta, ba ta ji kunyar tsayawa ba. Hawaye suka gangaro mini har cikin kunne. Abin da ya gagare ni ke nan a rumfar Iliya, in janye hannu in ce ban sani ba. A karo na gaba wayar ta shige.

Can sai Saratu ta ce, "Riƙe numhwashi." Na riƙe. Sai na ji wani zafi ya bazu a cikina har mara. Na ce shi ke nan, ta fashe, irin mutuwar yayana ce ta zo. Na yi ƙara, "Yesu, karɓe ni!" Sai na ji tafin hannu a goshina. Saratu ta ce, "Ba ta hwashe ba. Ruwan da ka sa jini shi hito ga hoto na anka zuba. Dubi allo." Na duba. Jini yana bi ta cikin bututun sumul, ya rabu biyu ya gangara. Kumburin yana gefe, ba abin da ke shiga cikinsa.

Yabo ga Ubangiji! Washegari na ɗora hannu a ciki, na lalube, na sake lalubawa. Bugun nan ya kwanta. Tabon da aka bar mini guda biyu ne a gindin cinya, ko tsagar ƙahona ta fi su girma.

Kada wani ya ce Yakubu ya dawo sabo fil. Ƙodata ta wahala bayan aikin, sai da na ƙara kwanaki a kwance. Duk shekara sai an haska bututun har ƙarshen raina, ƙwayoyi kuma safe da yamma. An kuma ga wani ɗan kumburi ya fara a bayan gwiwata ta hagu, ana sa masa ido. Kullum in na zauna ina jin sa, yana tuna mini.

Na dawo gida ana roron wake. Kwana biyu da sauka na tafi gidan Maryamu da hantsi. Na same ta a tsakar gida tana sheƙa. Da ta gan ni ta yi guɗa ta ce, "Barka da arziki, Yakubu! Ga naka nan na ware, dama yau za ni kai ma." Kwanon yana gefe, cike har ya yi tozo.

Na durƙusa a ƙasa gaban matar yayana, na faɗa mata. Na gwammace a tsaga cikina ba allura da wannan rabin sa'a. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta dubi rumfar da na yi wa Iliya sakiya, don har yau tana nan inda take. Sannan ta ɗauki kwanon ta juye waken cikin buhu. Ta ce, "Tashi ka tahi gida, Yakubu. Ba ni da magana yau."

Ranar Lahadi ta zo ta zauna a wurinta cikin mata. Na tashi na faɗi duk abin da kuka karanta, na kuma roƙi Fasto a sauke ni daga dattijon ikilisiya. Maryamu ta ji har ƙarshe, ba ta dube ni ba, ta fita tun ba a yi gaishe-gaishe ba. Har ranar da nake wannan rubutu ba ta yi mini magana ba. Tana da gaskiya. Lami ma kwana uku ba ta ci abinci tare da ni ba. Ku taya ni addu'a, ba don a tausaya mini ba, don Ubangiji ya warkar da matar da na cuta sau biyu.

Ranar kasuwa na shiga Konni da ƙarfen sakiyata a zabira, na zauna a rumfar wanzamai na ba su labari. Wasu suka yi dariya, suka ce Nasara sun sauya mini ciki sun haɗa da kai. Wani tsoho daga wajen Illela bai yi dariya ba. Ya daɗe yana wasa aska, sannan ya ce in sake nuna masa yadda bugun yake. Na kama yatsansa na ɗora a bayan gwiwata.

Da yamma na kira Saratu na ce, "Na yi duka ukun." Sai na ji ta ja hanci ta ce, "To, Baba. Ka sha maganinka na yamma?"

Baba ta ce. Shekara tara rabon da in ji shi haka, ba a haɗa da sunana ba. Na ce na sha, alhali ban sha ba, sai na tuna inda ƙarya ta kai ni, na ce, "A'a, ɗiyata, yanzu za ni sha."

Na gode wa Yesu da ya sa hannun wata baƙuwa da hannun ƙarfe suka gyara jijiyata. Na fi gode masa da bai bar ni na shiga kabari da abin da na ɓoye ba. 'Yan'uwa, in kun ji kumburi yana bugawa, a jikinku ko a jikin wani, kada ƙarfe ya kusance shi, ku nufi gidan likita. In kuma abin da ke bugawa a cikinku irin nawa ne, wanda inji ba ya haskawa, kada ku jira shekara goma sha tara, don ba ku san wa kuka bari da kasko a hannu ba. Ku kai shi gaban Ubangiji, ku dogara gare shi, zai ba ku bakin faɗa. Ya ba ni, ni da na fi kowa taurin kai.

Salamar Almasihu ta zauna tare da ku duka. Amin.